Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Na'urar Kiɗa ta Analog da Asalin Amonta



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da motar da aka ƙure wa kiɗa, ko ya zauna wurin biki inda aka jera manyan lasifikoki, ya san wani amo mai zurfi wanda ƙirji ke riga kunne jinsa. Matasan da ke haɗa kiɗa da kwamfuta sukan kira wannan amo da lamba, su ce 808, alhali kuwa da yawansu ba su taɓa ganin abin da lambar take nufi ba. Lambar dai sunan wata na'urar kiɗa ce da wani kamfani na ƙasar Japan ya fitar a 1980, ta yi shekara uku a kasuwa ba ta sami karɓuwa ba, aka daina ƙera ta. Yau ga shi ana neman amonta ruwa a jallo.

Manufar wannan lacca ita ce a bi sawun wannan amo tun daga mafarinsa, domin a ga yadda aka yi abin da aka raina ya zama abin nema. Abin da nake so in tabbatar shi ne, daɗin amon ya samo asali ne daga gazawar na'urar wajen kwaikwayon ganga ta gaskiya, kuma wanda duk yake son samun amon a yau, sai ya san yadda na'urar take haifar da shi.

Kafin mu shiga, ya kamata mu bambance kalmomi biyu. Na'urar kiɗa ta dijital ita ce wadda aka ɗauki amon ganga ta gaskiya aka mai da shi lambobi aka adana mata, in an taɓa ta sai ta maimaita abin da aka adana. Ta analog kuwa ba a adana mata amon kome ba. Wutar lantarki ce ke karkarwa a cikin wayoyinta da tiransistocinta, karkarwar nan ta isa lasifika ta zama sauti. Watau ɗaya mai hadda ce, ɗaya kuwa ƙirƙirar amon take yi sabo a kowane bugu.

Mafari

Yunƙurin farko da tarihi ya riƙe shi ne na Leon Theremin, wani masanin lantarki mutumin Rasha da ke zaune a Amurka a lokacin. Wani mai tsara kiɗa Ba'amurke, Henry Cowell, shi ya roƙe shi ya ƙera masa abin da zai iya buga kari iri-iri a lokaci guda, irin wanda hannun ɗan Adam ba zai iya ba. Aka gama na'urar a 1931, aka sa mata suna Rhythmicon, aka nuna wa jama'a ita a birnin Niyok a 1932. Tana aiki ne da fayafayai masu huji da ke juyawa, haske na ratsa hujin yana haifar da sauti. Ta yi wuyar sarrafawa, ba da jimawa ba aka jingine ta.

Wadda aka fara ƙerawa da yawa domin sayarwa ita ce Sideman, ta kamfanin Wurlitzer na Amurka, a 1959. Akwati ce ta katako mai lasifika a ciki. Wani ɗan inji ne ke juya hannun ƙarfe a kan faifai, duk inda hannun ya taɓa sai bawul, irin na tsohuwar rediyo, ya ba da amo. An shirya mata kari goma sha biyu na raye-rayen Turawa da na Latin Amurka, mai ita yana iya zaɓen kari da ƙara sauri ko rage shi.

A nan ya kamata mu lura da wanda aka ƙera wa waɗannan na'urori. An yi su ne domin mai kaɗa ogan shi kaɗai a otal ko gidan cin abinci, wanda ba shi da kuɗin ɗaukar makaɗin ganga. Saboda haka tun farko matsayin na'urar kiɗa matsayin ɗan rakiya ne, maganin rashi, ba wanda ya ɗauke ta abin alfahari.

Zamanin Japan

Daga Amurka sai labari ya koma Japan. A birnin Tokiyo akwai wani makaɗi, Tadashi Osanai, da ke amfani da Sideman amma ba ta gamsar da shi ba. Ya shawo kan wani mai gidan rawa, Tsutomu Katoh, suka haɗa hannu suka fitar da tasu na'urar mai suna Donca-Matic a 1963. Kamfanin da suka kafa shi ne ya zama Korg.

Amma mutumin da ya fi kowa tasiri a wannan tarihi shi ne Ikutaro Kakehashi. An haife shi a Osaka a 1930, iyayensa duka biyu suka rasu da ciwon tarin fuka yana ƙarami, shi ma daga baya ciwon ya kwantar da shi shekaru. Da gyaran agogo da rediyo ya fara neman abinci. A 1960 ya kafa kamfanin Ace Electronics, a 1967 ya fitar da Rhythm Ace FR-1, wadda ba ta da wani inji mai juyawa, tiransista ce ke yin aikin duka. Kamfanin Hammond, mai ƙera ogan, ya riƙa sa irinta a cikin kayansa. A 1972 Kakehashi ya kafa kamfanin Roland a Osaka.

Cikin waɗannan shekaru ne mawaƙa suka fara jin cewa ƙwas-ƙwas ɗin waɗannan akwatuna yana da nasa daɗin. A 1971 Sly Stone ya yi amfani da na'urar Maestro Rhythm King a waƙarsa Family Affair, waƙar kuwa ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin Amurka. Mu ma nan kusa da mu abin ya iso, domin a Yamai, a 1978, Mamman Sani ya ɗauki kaɗe-kaɗensa da ogan na lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, rediyo da talabijin na Nijar suka daɗe suna sa su tsakanin shirye-shirye, aka kuma sake fitar da su a faifai a 2013.

A shekarar 1978 ɗin nan ce Roland ya fitar da CR-78, wadda aka sa wa ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta, har mai ita ya sami damar tsara nasa karin ya adana. Ita ce ake ji tana bugawa a hankali a farkon waƙar Phil Collins ta 1981, In the Air Tonight. Daga nan na'urar kiɗa ta fara fita daga matsayin ɗan rakiya.

Yadda TR-808 take haifar da amo

A 1980 na'urori biyu suka fito waɗanda suka bi hanyoyi mabambanta. A Amurka Roger Linn ya fitar da LM-1, wadda aka adana wa amon ganguna na gaskiya. Kuɗinta ya kusa dala 5,000, saboda ma'ajiyar kwamfuta tana da tsada ƙwarai a lokacin, kuma ba a ƙera fiye da 500 da 'yan kai ba. A Japan kuwa injiniyoyin Roland, ƙarƙashin Tadao Kikumoto, suka ga cewa in suka bi wannan hanya ƙaramin makaɗi ba zai iya saye ba, sai suka tsaya kan analog. Suka fitar da TR-808 a kan dala 1,195. Tana da amo iri goma sha shida, da maɓallai goma sha shida a jere, kowane maɓalli yana matsayin taki ɗaya na kari. Mutum ya zaɓi ganga, ya danna maɓallan inda yake so ta faɗa, na'ura ta riƙa zagayawa tana bugawa.

Ina roƙon masu sauraro su ba ni hankalinsu a nan, domin cikin wannan bayani ne asirin abin yake.

Babbar gangarta ba ta da wani abin da ke ta ƙara yana jiran a buɗe masa. An shirya wata da'irar lantarki ce wadda take gab da karkarwa amma ba ta kai ba. In lokacin bugu ya zo, sai a aika mata da ɗan guntun wuta kamar ƙiftawar ido, ta kama karkarwa wajen sau hamsin a daƙiƙa, sa'an nan ta lafa a hankali. Daidai yake da a sauke gula a kan tambari, fata ta yi ta rawa har ta tsaya don kanta. Akwai abin murɗawa da ke ƙayyade tsawon wannan lafawa. In an rage shi, amon ya zama gajere kamar an dafe fatar da hannu. In an ƙure shi, amon ya yi ta gurnani fiye da yadda kowace ganga ta fata za ta iya.

Ƙaramar ganga mai tsarkiya kuwa, an haɗa ta ne da irin waccan da'ira guda biyu masu siririyar murya, aka zuba musu ƙarar shuu, irin wadda rediyo ke yi in ba a kama tasha ba. Wannan shuu daga tiransista guda yake fitowa. Kakehashi da kansa ya ba da labarin cewa da gangan ya sayi tiransistocin da masana'anta ta ware a kan ba su cika ƙa'ida ba, domin su ne ke ba da irin shuu ɗin da yake so. Da shi kuma aka yi amon tafi: a datsa shuu ɗin gutsi-gutsi da sauri, sa'an nan a bar shi ya ja wutsiya, sai kunne ya ji kamar mutane da yawa sun tafa kusan tare.

Amon fayafayan tagulla ya fi ban mamaki. An jera da'irori shida, kowace tana karkarwa da nata saurin wanda bai jitu da na 'yar'uwarta ba, aka gauraya su, aka bi da su ta rariyar sauti wadda ke zubar da kauri ta bar tsini. Biyu daga cikin shidan nan, masu karkarwa wajen sau 540 da sau 800 a daƙiƙa, su ne ke ba da amon ƙararrawar ƙarfe mai kama da kuge. Da yake da'irorin shida ba sa tsayawa, kowane bugu yana riskarsu a wani hali dabam, saboda haka ba bugu biyu da ke fita iri ɗaya sak. Haka nan in an ba wani taki ƙarfi, wutar da ake aikawa ce ke ƙaruwa, launin amon ya sauya tare da ƙarfinsa.

Faɗuwa a kasuwa

Da na'urar ta fito, masu sharhi suka auna ta da ma'aunin da aka saba, watau kamanninta da ganga ta gaskiya, suka tarar ba ta kama ƙafar LM-1 ba. Manyan ɗakunan ɗaukar sauti suka juya mata baya, musamman da LinnDrum ta fito a 1982 da rangwamen kuɗi. A 1983 aka daina ƙera TR-808 bayan an yi wajen 12,000. Wani abin lura shi ne, ci gaban masana'antu ya taimaka wajen kashe ta, domin an gyara hanyar ƙera tiransista har irin waɗancan masu aibi sun daina samuwa.

To, amma Hausawa sun ce wani hanin ga Allah baiwa ne. Tun tana kasuwa wasu 'yan tsiraru sun gane ta. Ƙungiyar Yellow Magic Orchestra ta Japan ta kaɗa ta tun 1980. Marvin Gaye, yana zaune a Beljiyam, ya gina kundin waƙoƙinsa na 1982, Midnight Love, a kanta. A shekarar nan dai Afrika Bambaataa da Arthur Baker suka fitar da Planet Rock a Niyok, a birnin Bombay na Indiya kuma Charanjit Singh ya ɗora kare-karen gargajiyar ƙasarsu a kan bugunta.

Da aka daina yin ta sai ta faɗa shagunan kayan gwanjo, har ana samunta ƙasa da dala 100. Nan ta shiga hannun matasan Baƙar Fata na unguwannin talakawan biranen Amurka, waɗanda ba su da kuɗin hayar babban ɗakin ɗaukar sauti balle na biyan makaɗa. Su ba ruwansu da ko ta yi kama da ganga. Abin da suka ji shi ne, in an ƙure tsawon babbar gangar, tana girgiza lasifikar mota da bangon gidan rawa. A kan wannan aka gina kiɗan hip-hop na farkon shekarun 1980, da kiɗan Mayami mai nauyin amo, daga baya kuma kiɗan trap na Atlanta. A 2008 har Kanye West ya sa lambar a sunan kundin waƙoƙinsa.

Ƙanwarta, TR-909, ta bi wannan sawu. Ta fito a 1983, gangunanta na analog, amma fayafayan tagullarta ɗaukar amon gaskiya ne. Babbar gangarta takan fara da siririyar murya ta gangaro da sauri, tare da ɗan ƙwas a farko, saboda haka ta fi ta 808 naushi, ba ta kai ta zurfi ba. Tana kuma iya jinkirta wasu taki kaɗan don kari ya yi rangaji. Ita ce ta farko cikin na'urorin kiɗan Roland da ta zo da MIDI, watau ƙa'idar da ke sa kayan kiɗan lantarki su fahimci juna, wadda Kakehashi da Dave Smith suka jagoranci kafawa, aka kuma ba su lambar Grammy saboda ita a 2013. An ƙera 909 wajen 10,000, ita ma ba ta yi kasuwa ba, ta faɗa gwanjo. A Ditiroyit su Derrick May da Jeff Mills suka gina kiɗan tekno da ita, Derrick May ɗin kuma shi ya sayar wa Frankie Knuckles na Shikago da guda, ta zama ƙashin bayan kiɗan house.

Neman tsohon amo a yau

Da buƙata ta ƙaru, na'urorin da aka yi gwanjonsu suka koma ana sayensu da dubban daloli. Sai aka ɓullo da hanyoyi uku na samun amonsu.

Hanya ta farko ita ce a ɗauki amon tsohuwar na'ura a adana, a riƙa maimaita shi. Ita ce mafi arha, ita ce kuma ta cika kwamfutocin matasa. Rauninta a fili yake ga wanda ya bi bayanin da ya gabata: an mai da mai ƙirƙira ya zama mai hadda. Bugu ɗaya ne ake ta maimaitawa, kunne kuwa yakan gaji da shi ko da mai sauraro bai san dalili ba. Maganin wannan shi ne a ɗauki bugu da yawa na kowace ganga, mai ƙarfi da marar ƙarfi, a riƙa sassauya su, musamman na fayafayan tagulla da tafi.

Hanya ta biyu ita ce a sa kwamfuta ta lissafa halin da'irorin nan ta kwaikwayi aikinsu. Kamfanin Propellerhead na ƙasar Suwidin ya buɗe wannan ƙofa da manhajar ReBirth a 1997, Roland da kansa ya bi ta da TR-8 a 2014. Hanya ta uku kuwa ita ce a sake ƙera da'irorin da wayoyi da tiransista, kamar yadda Behringer ya yi da RD-8 a 2019. Duk wanda ke da na'urar haɗa sauti, ta ƙarfe ko ta manhaja, yana ma iya ƙera amon da kansa: tsantsar karkarwa mai zurfi wadda ta ɗan fara sama ta sauko ta lafa ita ce babbar ganga, a ƙara shuu a sami ƙarama.

Sai dai akwai abu biyu da tarihi ya koya mana waɗanda ba a sayensu tare da na'ura. Na farko, amon da muka sani a fayafayai ba shi ne ke fita tsurarsa daga akwatin ba. TR-808 tana da mafita dabam ga kowace ganga, masu ɗaukar sauti sukan bi da kowace ta nata layin, su matse ta, su ƙara mata wuta har ta ɗan ƙone, sa'an nan ta hau tef wanda shi ma yake rage mata kaifi. Wannan ƙonewa tana da amfani na musamman a yau, domin ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da karkarwa hamsin a daƙiƙa. In ba a ɗan ƙona amon ya haifi 'ya'yan muryoyi a samansa ba, mai saurare da waya ba zai ji kome ba. Haka kuma doguwar babbar ganga murya gare ta, dole a daidaita ta da muryar waƙa kamar yadda mai kalangu ke matsa tsarkiya, in ba haka ba su yi ta karo.

Na biyu, ƙuncin na'urar yana cikin abin da ya yi salon. Maɓalli goma sha shida da amo ƙididdigaggu su suka tilasta wa mutum ya yi tunanin inda zai sa bugu da inda zai bar fili. Wanda ke da amo dubu a kwamfuta, in yana son wancan salo, sai ya ɗaure kansa da kaɗan.

Kammalawa

Jama'a, mun taso daga fayafayan Theremin na 1931, mun bi ta akwatin Wurlitzer da shagon mai gyaran agogo na Japan, mun iso kwamfutar yau. Kakehashi ya rasu a 2017, bayan ya ga na'urar da ta kasa sayuwa ta zama abin da duniya ke rawa da shi. Injiniyoyinsa ganga suka nufa, kuɗi da kayan aiki suka gaza musu, suka ƙare da wani abu wanda bai taɓa wanzuwa ba. Masu kuɗi suka auna shi da ganga suka ƙi shi. Marasa kuɗi suka saurare shi a yadda yake, suka gina kiɗan zamaninsu da shi.

Ga ɗalibanmu masu sha'awar wannan sana'a, ina ganin darasin bai tsaya ga sanin yadda za a sami amon 808 ba, ko da yake sanin yana da amfani, na kuma yi ƙoƙarin bayyana shi. Matasan Niyok da Ditiroyit da Shikago ba tsohon amon wani suka tafi nema ba. Abin da ke gabansu mai arha suka ɗauka, suka ƙure shi har ya faɗi abin da ke ransu. Lalle da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya san ciwon da yake son warkarwa. Wanda ya fahimci yadda wuta ke zama amo, zai iya ƙera na 808 in ya so, zai kuma iya zama ya saurari kotso ko kalangu ya tambayi kansa yadda za a yi da'ira ta yi irin wannan magana.